Kafin Ki Sayi Kwalbar Nan: Amsoshi Kan Ɗaukewar Al'ada

Tambaya: Anti, shekaruna 48. Al'adata ta rikice, wani watan ta zo, wani watan shiru. Cikin dare sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in jiƙe sharkaf da gumi, barci ya gagara. Na ga tallan wasu ƙwayoyi a Facebook, wai na ganye ne zalla. In saye su, ko in fara da abin gwajin fitsarin da ke nuna ko al'ada ta kusa ɗaukewa?

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Riƙe kuɗinki tukuna, duka biyun. Abin gwajin nan wani sinadari yake aunawa mai suna FSH, shi kuwa a shekarunki hawa da sauka yake yi, yau sama jibi ƙasa. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila ta ce macen da ta haura 45 tana kuma da irin alamunki ba sai an yi mata shi ba. Jikinki ya riga ya faɗa miki abin da za ki biya kuɗi ki ji. Yawancin mata tsakanin 45 da 55 al'adarsu ke ɗaukewa, kuma sai an yi wata 12 a jere ba jini ake cewa ta ɗauke.

Ƙwayoyin kuma, kada kalmar "ganye" ta ruɗe ki. A ƙasashe da dama a matsayin ƙarin abinci ake sayar da irinsu, don haka ba a tilasta musu gwajin da ake yi wa magani. Wani tsiro da ake yawan sa wa a ciki, black cohosh, an samu rahotannin ya taɓa hantar wasu. Mai talla kuwa ba zai tambaye ki wane magani kike sha ba.

Abin da ya fi kashe zafin nan shi ne mayar wa jiki sinadarin estrojin da ya ragu, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko filastar da ake mannawa a fata. Idan mahaifarki na nan, dole a haɗa da wani sinadarin mai suna furojestaron, in ba haka ba estrojin shi kaɗai na iya jawo sankarar mahaifa. Za ki ji masu cewa maganin haɗari ne. Tsoron ya samo asali daga wani babban bincike a Amurka a 2002, wanda yawancin matan cikinsa sun haura 60. Da aka sake duba shi, an ga cewa ga mafi yawan mata 'yan ƙasa da 60 amfanin ya rinjayi haɗarin. Ba kowa ya dace da maganin ba fa: mai tarihin sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta, sai ta faɗa wa likita tun a zaman farko. Akwai magungunan da ba na homon ba, wato ba estrojin ko furojestaron a cikinsu, irin su fezolinetant da Amurka ta amince da shi a 2023. Kuɗin kwalbar nan, kai shi wajen ganin likita.

Tambaya: Ina da 51, wata 7 rabona da jini. In daina tazarar haihuwa?

Amsa: A'a Hajiya, ciki na iya shiga. Shekara 1 ake jira bayan jinin ƙarshe ga wadda ta haura 50, shekara 2 ga wadda ba ta kai ba. Kuma in jini ya dawo bayan an cika shekarar, kada ki ce al'ada ce ta waiwayo, ki je asibiti a makon.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata ta tara 'yan kuɗi don Ranar Ɗaukewar Al'ada ta Duniya, 18 ga Oktoba. Wasu na son riguna da alluna. Me kika gani?

Amsa: Malama, riga rana ɗaya za a sa ta, ta koma ƙasan akwati. Ni da ni ce, ma'aikaciyar jinya ko likitar mata zan ɗauko ta zauna da mata su yi tambayar da kunya ke hana su yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda tsarin kiwon lafiya ke bin mace sau da ƙafa daga awon ciki zuwa yaye, da ta daina haihuwa sai a manta da ita, 'yan talla su samu fili. Sauran kuɗin ku rubuta wa wakilanku a majalisa, da buƙata ɗaya tak mai suna. A Ingila, bayan mata sun matsa lamba, an fito da takardar biyan kuɗin maganin homon sau ɗaya a shekara tun Afrilun 2023. Ku kuma ku zaɓi taku: ko a horas da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ko a sa maganin cikin inshorar lafiya. Ku sa hannu dukanku, ku koma bayan wata 3 ku tambayi inda aka kwana.