Tambayi Anti: Jarina Kaɗan Ne, Ta Ina Zan Fara Sana'a?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan sana'a ne, kuma ba abin mamaki bane, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ɗaya ya daina riƙe gida, kowa neman abin haɗawa yake. Na ɗauko guda uku, sunaye kuma na ɓoye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki bani shawara. Ni matar aure ce a Katsina, yarana huɗu, ƙarshen watan nan zan kwashi adashi naira 120,000 kuma ina so in juya su kar su narke a hannuna. Zuciyata ta rabu biyu, ko in saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina ɗorawa a WhatsApp, ko in fara cincin da dubulan tunda na iya. Abin da yake bani tsoro shine na taɓa saida kayan miya da magi da omo a gida, ko wata biyar ba'a yi ba jarin ya karye. Maƙota suna aiko yara a basu bashi, maigida ma in ba kuɗin cefane sai yace in ara masa, har yau shiru.

AMSA: Ƙanwata Allah ya sa albarka a adashin nan. Kin riga kin faɗi abin da ya karya ki da bakinki, ba rashin ciniki bane, ai kayan sun fita, kuɗin ne basu dawo ba. To in ba'a toshe wannan ƙofar ba ko miliyan aka baki haka za ta tafi, shi yasa zan fi daɗewa a nan.

Amma bari mu fara da zaɓin. Ni dai cincin da dubulan zan ce miki. Atamfa kaya ne mai cin jari, 120,000 turmi kaɗan za ta sayo miki, kuma mata sun fi son su zo su tarar da kala-kala su zaɓa, in sun zaɓa ɗin ma yawanci "sai ƙarshen wata" za ki ji, ga shi kasuwarta ta fi motsi gab da Sallah da lokacin bukukuwa, sauran watanni kuɗinki na kwance a akwati. Cincin kuwa kin iya da hannunki, yau ki soya cikin kwana biyu uku kuɗi sun dawo, ki sake juyawa. Ƙaramin jari abin da ke raya shi kenan, saurin juyawa. In har ranki na kan atamfar akwai hanyar da ba sai kin zuba kuɗinki ba: ki samu mai shago amintacce a Kwari ya riƙa turo miki hotuna da farashin sari, ki ɗora ribarki ki tallata, wadda ta zaɓa ta turo kuɗi tukun sannan a sako miki kayan a mota. Mata da yawa haka suke yi kuma suna samu.

Kar ki zuba 120,000 ɗin gaba ɗaya. Ki fara da kamar 40,000, sauran ki ajiye inda hannunki ba zai kai da wuri ba. Kuma kafin ki kwaɓa fulawa ki san wa zai saya. Ki zagaya masu shagon unguwarku, mai shayi, makarantar boko da Islamiyya da ke kusa, ki basu ɗanɗano ki tambaye su leda nawa za su iya karɓa a sati. Dubulan da alkaki kuwa kayan gara ne, ki bari sai an baki oda an biya rabin kuɗi kafin ki ɗora mai a wuta.

Yanzu lissafi, dan Allah ki nutsu a nan. A ce misali fulawa, suga, bota, man suya, gawayi ko gas, leda, har da kuɗin adaidaitar da kika hau zuwa kasuwa, duka sun tashi 20,000. Kika ƙulla leda 100 kina saidawa 250, kin haɗa 25,000. Ribarki 5,000 ce kacal, 20,000 ɗin nan ba taki bace, ta sana'a ce. In yara suka ci leda 10 kika aika wa maƙociya 5, an taɓa ribar da 3,750, saura 1,250. Kinga yadda ake wahalar banza mutum na ganin kuɗi na shigowa kullum amma ƙarshen wata ba uwa ba riba. Mata da yawa basa saka gawayi da kuɗin mota a lissafi, wasu ko ledar basa ƙirgawa. Ki sayi littafi ɗan 40 leaves ɗin nan na 'yan makaranta, shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo, kullum da dare kafin ki kwanta.

Sannan gwangwani biyu, ko asusu biyu in ta waya kike karɓa. Ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Uwar kuɗi kamar irin shuka ce, manomin da ya dafa irinsa da rani ba abin da zai kai gona da damina. Ita ribar ma ki raba, wani kaso ki ƙara a jari saboda kayan masarufi tashi suke yi, 20,000 ɗin da ta yi miki sari yau ba lallai ta yi miki bayan wata biyu ba, wani kason kuma naki ne ki yi hidimarki ba tare da jin nauyi ba.

Maganar bashi. Na san da wuya, mutum ya haɗa katanga da ke, ranar sunanki ita ta kwana tana tuƙa tuwo, yau ta aiko yaro ki ce babu? Amma ai akwai bambanci tsakanin kyauta da bashi. In kina son taimaka mata ki ɗebo daga ribarki ki bata kyauta ki samu lada, kin san kin bayar, ba za ki riƙa kallonta da abin a rai ba. Bashi kuwa ki sa masa ƙa'ida tun ranar farko: ba'a ɗora sabo a kan tsoho, kuma komai ƙanƙantarsa a rubuta a gaban wanda ya karɓa. Kar ki ji kunyar rubutun, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Masu shago da za ki kai wa kaya su ma, sai sun biya na jiya a basu na yau.

Shi kuma maigida, ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ba lokacin da ya zo neman aron ba, ki nuna masa littafin ki ce ga uwa ga riba, uwar in aka taɓa sana'ar ta mutu kuma gidan ne zai yi asara. Ciyarwa haƙƙi ne a kansa, dukiyarki kuma taki ce a shari'a, amma zaman tare ya gaji taimakon juna, sai ki taimaka daga riba in kin samu hali. Yawancin maza in suka ga abin a rubuce kuma suka ga ana samun sauƙin sabulu da kuɗin tara na yara, da kansu suke zama masu tsaron jarin.

Abu na ƙarshe, kar ki maimaita mai har ya yi baƙi don tsimi, cincin ɗin zai yi ɗaci ya yi saurin warin mai, kwastoma ba zai faɗa miki ba sai dai ki ga ya daina aikowa. In Allah ya buɗa har kina son ki buga takarda da suna ki kai manyan kantuna, a nan ne za ki buƙaci rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da lambar NAFDAC. Yanzu dai ki fara da unguwa.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Malamin firamare ne ni a Zariya, albashi baya kai ni tsakiyar wata. Na tara 300,000, ina tunanin in buɗe POS in sa wani yaro ya zauna, ko in sayi masara da kaka in ajiye ta yi tsada. Wanne ya fi?

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri a kan tarbiyyar yaranmu. Akwai abin da ma'aikata da yawa basu sani ba, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda ake maganar ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma ya ce wannan an yarda. In makarantar gwamnati kake ka sa wannan a ranka kafin ka yi rajistar komai da sunanka.

POS gaskiya ba zan ƙarfafa maka gwiwa ba. Ta yi tashe sosai lokacin canjin kuɗi, ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 da takardar naira ta yi wuya, daga nan kowa ya shiga, yanzu a kwanar titi ɗaya sai ka ƙirga lemar masu POS uku huɗu, ga masu shago da gidajen mai su ma suna bada kuɗi. Ribar 'yan ɗari-ɗari ce a kan kowane ciniki, sai an tara da yawa, amma alat na bogi guda ɗaya ko jabun kuɗi ko tiransifa da ta maƙale ta isa ta cinye ribar wata. Tun 2024 ma an ce masu POS su yi rajista da CAC. Babbar matsalar kuma kai kana aji daga safe har azahar, tsabar kuɗi na hannun yaro. Ban ce yaron ba amintacce bane, amma sana'ar da ba ka san cikinta ba, ko an faɗa maka gaskiya ba za ka gane ba, balle akasin haka.

Ajiyar hatsi ma mutane sun ɗauka ba'a faɗuwa, ana faɗuwa. Waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ninka, da yawansu 2025 ta zo musu da faɗuwar farashi, masara ta sauko ƙasa da yadda suka saya, ka tambayi 'yan kasuwar Dawanau ko na Giwa nan kusa da ku za su baka labari. Ga ƙwari, ga kuɗin sito. In za ka yi, kar ka wuce da rabin kuɗin, ka tabbatar ta bushe sosai, ka zuba a buhun nan mai ninki uku da baya shan iska, ya fi zuba maganin da zai cutar da masu ci. Kuma ka saki kaya idan ka ga riba daidai gwargwado, riƙe abinci har mutane su galabaita addini ma ya hana.

Da ni ce kai, kiwo zan duba. Raguna biyu ko uku 'yan madaidaita, ka saya watanni kafin Babbar Sallah, ka tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa tun da kaka lokacin suna araha domin abinci shi ke cinye ribar mai kiwo, ka kira malamin dabbobi ya basu maganin tsutsa da rigakafi. Da safe kafin ka fita da yamma in ka dawo kana ganin abinka da idonka. In kuma ka fi son ka ba wani ɗan kasuwa ya juya maka, ku yi ƙiradi yadda malamai suka tsara: ribar ce ake rabawa, rabi da rabi ko yadda kuka amince, ba wai ya riƙa baka 20,000 duk wata ko an samu ko ba'a samu ba, wannan ya koma kuɗin ruwa. In asara ta zo ba da sakacinsa ba, a kan jari take, shi kuma wahalarsa ta tafi. A rubuta, a sa shaidu biyu, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

TAMBAYA: Anti na kusa gama bautar ƙasa, na ɗan tara wani abu daga alawus. Abokina ya nuna min wata manhaja da ake saka kuɗi su ninka cikin wata ɗaya, shi har ya cire sau biyu. In shiga?

AMSA: Ɗana kar ka shiga, dan Allah kar ka shiga. Cirewar da abokinka ya yi ita ce tarkon, kuɗin waɗanda suka shigo bayansa aka bashi don ya janyo irinka. Haka MMM ta yi har ta rufe a Disambar 2016, haka CBEX ta tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025, kuma kowanne kafin ya rushe akwai masu rantsuwa sun cire. Duk wanda ba zai iya nuna maka me ake saya me ake saidawa har riba ta fito ba, ka riƙe kuɗinka. Haka manhajojin bada bashi na waya, kar ka ci don jari, ruwansu ya fi ribar kowace ƙaramar sana'a, in ka makara kuma har mutanen da ke cikin wayarka wasunsu suke bi da saƙon tozarci.

Alawus ɗin ya koma 77,000 tun 2025, in ka iya tara wani abu a ciki to kana da riƙo, kuma wannan babban abu ne. Ka kashe wani kaso a koyon aikin hannu. Gyaran waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano, ko haɗa sola da yanzu gidaje da shaguna da masu rijiyar burtsatse ke ta nema saboda wutar ba tabbas man janareto kuma ya yi tsada. Ka samu ubangida ka zauna a ƙarƙashinsa wata shida zuwa shekara, kar digirinka ya hana ka riƙe masa tsani, a wurinsa za ka san inda ake sarin kaya masu kyau da yadda ake yi wa aiki kuɗi, kwastomominka na farko ma ta hannunsa za su zo. Sauran kuɗin ka ajiye na sayen kayan aiki ranar da ya sallame ka. Ka sake rubuto min ka faɗa min garin da za ka zauna bayan ka gama da abin da ka karanta, sai mu duba wanne ya fi dacewa da kai a cikin biyun.