Tari da Rama: Tarin Fuka Ne ko Ciwon Daji?

Tambaya: Likita, a unguwarmu ta Aboabo a Kumasi mun yi rashin mutum uku a bana, kuma kowannensu ya daɗe yana tari yana ramewa kafin ya rasu. Wasu sun ce tarin fuka ne, wasu sun ce sammu, amma dangin ɗaya daga cikinsu sun ce a asibiti an gaya musu ciwon daji ne. Yaya ake bambancewa?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Babu likitan da zai iya bambance waɗannan cututtuka da ido, domin tarin fuka da ciwon daji da tsohon ciwon huhu duk suna zuwa da tari da rama da kasala, wani lokaci har da jini a kaki. Shi ya sa duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman idan akwai zazzaɓi da gumin dare, gwajin kaki ne farkon abin da ya kamata a yi masa. A Gana wannan gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma na'urar GeneXpert kan nuna ƙwayar cutar cikin sa'o'i kaɗan.

Na fi tsayawa a kan tarin fuka saboda shi ne ake warkewa daga gare shi sarai, kuma shi ne ya fi ɓuya a cikin jama'a. Binciken ƙasa na shekarar 2013 ya gano cewa masu cutar sun ninka abin da ake zato nesa ba kusa ba. Ta iska take yaɗuwa, saboda haka gidan haya mai cunkoso, inda mutum shida ke kwana a ɗaki mai taga ɗaya, shi ne wurin da ta fi samun dama, balle ga mai ciwon sukari ko mai ɗauke da ƙwayar HIV. Maganin wata shida ne: magunguna huɗu a wata biyun farko, sannan biyu a sauran wata huɗun. Ɗaya daga cikinsu kan sa fitsari ya yi ja, wanda ba abin tsoro ba ne. Haɗarin yana wajen wanda ya ji sauƙi bayan wata biyu ya ajiye magani, domin cutar kan dawo, kuma tana iya dawowa da ƙwayar da ba ta jin maganin farko. A ganina, yawo tsakanin kantin magani da mai maganin gargajiya na tsawon watanni ya fi cutar kanta kashe mutanenmu.

Idan gwajin bai nuna tarin fuka ba kuma tarin bai tsaya ba, sai a ɗauki hoton ƙirji, a tura mutum asibitin koyarwa na Komfo Anokye in da bukata. Hayaƙin gawayi da itace, taba sigari da ƙurar hunturu suna lalata huhu sannu a hankali. Ciwon daji kuwa, a ƙasar nan wanda ya faro daga mama, bakin mahaifa ko hanta ya fi na huhu yawa, sai dai yakan yaɗu ya kai huhu, mutum ya kama tari a ƙarshen jinyarsa.

Abin da ya rage muku yanzu shi ne mutanen da suka yi zama ɗaki ɗaya da mamatan su je a duba su, ko da ba sa tari, a fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda akan ba maganin kariya idan an tabbatar sun zauna da mai cutar.