Amsar tambayarka kan littafin bashin kantin kakanku

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya, sabis ne babu sai na fita wajen tudun bakin dam. Kace idan ka karɓi kantin kana so ka sa POS ka rufe littafin bashi, kuma kana tambaya wai me yasa ba a buɗe ciniki da bashi da safe amma kuma a bar mutum da bashi har kaka.

Toh bari in faro maka daga tushe. Kantin nan ya girmi ruwan da kake zuwa ɗaukar hoto a bakinsa. Kakanku ya buɗe shi tun ana lissafi da fam da sule da sisi, kafin naira ta zo a 1973, shi kuwa dam ɗin Tiga sai 1974 aka gama shi zamanin Audu Bako. Da ruwa ya ci gonakin mutane aka tashe su, wasu suka dawo nan ba ko sisi a aljihu, kananzir da gishiri da ashana da sabulu duk a littafin nan suka ɗauka, kuma wallahi ban taɓa ji kakanku ya kira sunan mai bashi a gaban jama'a ba, sai dai bayan isha'i ya aika yaro yace ana gaishe ka. Mutum ya gane.

Manomi ba albashi gare shi ba ɗana. Da damina hannunsa babu komai sai an yanke gero an roro wake ya biya, wani da kuɗi wani da tiya. Masu noman rani sai tumatir ya fita, masunta kuma su ɗauki ƙugiya da zare da asuba, da yamma su kawo tarwaɗa ko karfasa a cire. Kowa da lokacinsa, kuma ba a ƙara ko kwabo saboda jinkiri, wannan riba ce, haramun.

Maganar safe kuwa al'adar 'yan kasuwa ce, ba addini ba, ana so kuɗin farko ya shiga hannu a yi bismillah. Amma macen da ta aiko neman sukarin koko da sassafe kakanku bai taɓa mayar da yaronta hannu biyu ba, sai yace ajiye can in an buɗe zan rubuta.

POS kam sa abinka, ban hana ba, zai rage wa mutane zuwa Bebeji ciro kuɗi. Littafin ne ban yarda ka rufe ba. Gyara ma kar ka daina, ko alawa ɗaya ce ka miƙa wa yaron da aka aiko.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu zauna, akwai gidaje uku a ciki da kakanku ya ja wa layi kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina so in nuna maka su da hannuna kar ka je ka tambaye su.