Ƙanena da ke Amurka yana neman kuɗin inshora bayan an kama shi da tuƙi cikin maye

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, kuma ina ɗan taɓa fataucin riɗi a kasuwar Gujungu. Ina da ƙane da ya tafi karatu Amurka, ya gama, ya samu aiki a Jihar Texas, kuma shekara huɗu ke nan shi yake ɗauke da rabin cefanen gidanmu. A watan jiya ya kira ni da tsakar dare yana kuka, ya ce 'yan sanda sun tare shi a hanya bayan ya sha giya a wurin wani biki, kotu ta same shi da laifi, an dakatar da lasisinsa, kuma ba za a mayar masa ba sai ya kawo wata takarda mai suna SR-22. Ya ce da can dala 140 yake biya na inshora a wata, yanzu ana neman fiye da dala 300. Ni kuwa naira 15,000 nake biya a shekara na ƙaramar motata, shi ya sa maganar ta ƙi shiga kaina. Yana so in sayar da shanun huɗarmu guda biyu in aika masa, idan kuma ba haka ba, ya ce zai mayar da motar da inshorar da sunan wani abokinsa. Har yau ban gaya wa Baba ba. Shin gaskiya yake faɗa, kuma mene ne mafita?

Daga wani mai karatu, Taura.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma saka maka da rufa wa ɗan'uwanka asiri da ka yi.

Abin da ƙanenka ya faɗa ya yi daidai da yadda tsarin yake a can, kuma ruɗanin da ka shiga ya samo asali ne daga bambancin da ke tsakanin inshorar da kake biya da wadda yake biya. A Najeriya hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce take yanke farashin inshorar dole, wato wadda take biyan diyyar mutumin da ka yi wa ɓarna, kuma tun daga watan Janairun 2023 ta mayar da shi naira 15,000 ga motar gida maimakon 5,000, tare da ɗaga diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3. Da direban da ya shekara talatin bai taɓa ko akuya ba, da wanda ya afka wa rumfar mai shayi a makon jiya, duk kuɗi ɗaya suke biya, domin motar ake dubawa, ba mai tuƙa ta ba. A Amurka kuwa mutumin ake yi wa farashi. Kamfani yakan buɗe tarihin tuƙinsa da ke hannun hukuma, ya duba shekarunsa da unguwar da yake zaune da irin motarsa, sannan ya ƙiyasta yiwuwar wata rana ya jawo masa biyan diyya. Tuƙi cikin maye yana cikin laifukan hanya da suka fi ɗaga wannan ƙiyasin, saboda haka ninkuwar kuɗin ba abin mamaki ba ce, wasu kamfanonin ma ƙin sabunta yarjejeniyar suke yi gaba ɗaya.

Dokar kusan dukkan jihohin Amurka ta ɗauki direba a matsayin mai maye idan barasar da ke jininsa ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, in ban da Jihar Utah da ta sauko da nata ma'aunin zuwa 0.05. A Texas, wanda aka samu da laifin a karon farko yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 2,000, da zaman gidan yari har na kwana 180, da dakatar da lasisi har na shekara guda. Na kawo wannan ne domin ka san cewa kuɗin inshorar ƙila ba shi kaɗai ne a wuyansa ba, ko da shi kaɗai ya iya buɗe baki ya faɗa maka.

Ita SR-22 ɗin ba inshora ba ce, ko da yake mutane da yawa haka suke kiranta. Takardar shaida ce da kamfanin inshora yake aika wa hukumar ba da lasisi ta jiha, yana tabbatar mata cewa wane yana da inshorar da ta kai mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta. A Texas wannan mafi ƙarancin shi ne dala 30,000 ga mutum ɗaya da aka ji wa rauni, dala 60,000 ga dukkan waɗanda suka ji rauni a haɗari ɗaya, da dala 25,000 na dukiyar da aka lalata. Kuɗin aika takardar kansa bai taka kara ya karya ba. Abin da yake da tsada shi ne sabon farashin da kamfani yake ɗora wa mutumin da yanzu ya shiga sahun direbobi masu kasada. Ka ɗauke ta kamar mai tsaya wa mutum a gaban alƙali, wanda ya yi alkawarin cewa duk ranar da wanda ya tsaya wa ya saɓa sharaɗi, shi da kansa zai kai rahoto. Haka kamfanin yake yi: ranar da ƙanenka ya kasa biya har inshorar ta mutu, wajibi ne kamfanin ya sanar da hukuma, ita kuma ta sake dakatar da lasisin. A Texas ana riƙe takardar na shekara biyu daga ranar da aka yanke hukunci, a jihohi da yawa kuma shekara uku ne.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa shawarar sa sunan aboki ba ta da amfani ko kaɗan, kuma ina roƙonka ka hana shi da kakkausar murya. Takardar tana bin mutum ne, ba mota ba, saboda haka inshorar da ke ɗauke da sunan abokinsa ba za ta dawo masa da lasisinsa ba. Zai kasance yana tuƙi babu lasisi, wanda shi ma laifi ne mai zaman kansa. Sannan idan haɗari ya faru, kamfanin ya bincika ya gano cewa wanda aka ɓoye masa shi ne ainihin mai tuƙa motar kullum, yana iya ƙin biya ya kuma soke yarjejeniyar, diyyar asibiti da ta gyara su faɗo kan yaran biyu, abokin ma ya shiga zargin yaudarar kamfani. Garin neman gira sai a rasa ido. Wannan dabarar ta yi kama da abin da wasunmu suke yi a nan, inda ake miƙa wa ɗan kamasho 'yan kuɗi a bakin ofishin lasisi ya kawo takarda mai tambari da za a nuna wa jami'ai a shingen hanya, alhali babu kamfanin da ya san da zamanta. Kai ma, Malam, ka sa a duba maka lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa da ake kira NIID, domin ka tabbatar taka ta gaske ce.

Hanyoyin rage nauyin suna nan, kuma dukkansu a hannunsa suke, ba a garkenku ba. Kada ya tsaya a kan farashin kamfaninsa na da. Ya nemi dillalin inshora mai zaman kansa wanda yake hulɗa da kamfanoni da yawa, domin akwai waɗanda sana'arsu ke nan karɓar direbobin da wasu suka ƙi, kuma farashinsu yakan bambanta sosai. Idan da bashin banki ya sayi motar, bankin zai tilasta masa cikakkiyar inshora mai biyan ɓarnar motarsa ma, wadda ita ce mafi tsada, saboda haka abin da ya fi masa shi ne ya rabu da ita ya sayi tsohuwa da kuɗi hannu, ya tsaya a kan inshorar dole kaɗai. Idan kuma zai iya haƙura da mota baki ɗaya, ya riƙa shiga bas ko bin abokan aiki, akwai inshorar da ake yi wa wanda ba shi da mota, wadda takan fi sauƙi kuma ana iya haɗa ta da SR-22, shekara biyun su yi ta tafiya yana biyan kaɗan. In har kowa ya ƙi shi, Texas tana da wani tsari mai suna TAIPA da yake haɗa direba da kamfanin da dole ya karɓe shi, bisa sharaɗin kamfanoni biyu sun ƙi shi a cikin kwana 60 da suka gabata.

Akwai wani abin da ya fi inshorar nauyi, wanda ban ji ka ambata ba. Idan da biza yake zaune a ƙasar, irin wannan laifin kan iya sa a soke ta, don haka ya ga lauyan da ya ƙware a harkar shige da fice kafin ya yi wata tafiya, ko da zuwa gida ganin Baba ne.

Game da shanun, ra'ayina shi ne kada ka sayar. Kuɗin da yake bukata ba na biya sau ɗaya ba ne, na kowane wata ne har shekara biyu, kuma kuɗin shanu biyu idan aka canja su zuwa dala, 'yan watanni kaɗan za su ɗauke shi su ƙare, ku kuma ku shiga damina kuna hayar garma a lokacin da kowa yake layi. Taimakon da ya fi dacewa shi ne ku sauke masa aiken da yake yi wa gida na wani lokaci, ya mayar da wannan kuɗin kan inshorar da tarar. Kafin ma ka yanke komai, ka kira shi ta bidiyo ka ga fuskarsa, ka ce ya ɗauko maka hoton takardar kotun da ta kamfanin mai nuna abin da ake cajinsa a wata, ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Ba zarginsa nake yi ba, amma mun ga yadda ɓata-gari suke sace lambar WhatsApp ta mutumin da ke waje su riƙa neman kuɗi da sunansa.

Maganar Baba kuwa, tunda aiken zai tsaya, ba za ta ɓoyu ba har abada. Ka ba ƙanenka mako biyu ya kira shi ya faɗa da bakinsa, kai kuma ka kasance zaune a gefen dattijon idan wayar ta shigo.