Gogena ya dushe, in sayi sabo?

Tambaya: Malam, da rani na sayi goge, muryarsa garau. Tunda damina ta kankama ya dushe kamar mai mura. Abokina ya ce in sayi sabo, ko in cire izgar in ɗaura zaren kamun kifi. Me ka gani? Daga mai koyon goge, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Danna fatar da ɗan yatsa. In ta lotsa, danshi ta sha, kuma a watan Agusta a Zariya ko sabon ma haka zai yi maka. Fatar guza da ake rufe ƙwaryar goge da ita siririya ce, shi ya sa take amsa tsirkiya da sauri, shi ya sa kuma take saurin saki. Ka ɗan shanya shi a hantsi, ko ka kara shi nesa da garwashi kana ƙwanƙwasawa har ka ji ta ɗame. Nesa fa na ce. Na taɓa ganin wanda garaje ya sa fatarsa ta tsage nan take.

Sai tsirkiya. Gashin wutsiyar doki ne da yawa aka haɗa, suna tsinkewa ɗaya-ɗaya, murya na ƙara sirancewa ba ka ankara ba. Gumi da maiƙon hannu kuma suna sa bakan da ake goga tsirkiyar da shi ya riƙa santsi maimakon ya kama. Share tsirkiyar da busasshen ƙyalle, ka shafa wa bakan ƙaro, ka duba ko jakin, wato ɗan abin da ke ɗauke da ita a kan fatar, ya goce. Zaren roba yana da ƙarko, amma sulɓinsa ya yi yawa, ba ya ba da ɗan kaushin nan da ke sa goge ya yi kamar mutum na magana. Ni dai ba zan ɗaura ba. Sabo kuwa sai in ƙwaryar ce ta tsage.

Tambaya: Jitata mai tsirkiyar roba ce, zan iya sa mata ta ƙarfe don ta ƙara amo? Daga wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ja na ƙarfe ya fi ƙarfin jikinta, wuyan zai lanƙwashe ko mariƙin tsirkiyar ya ɓalle. In amon ya mutu, sauya duka 6 ɗin da irin nata, ki riƙa goge su bayan kin gama kiɗa.