Amsa ga mai tambayar abin da za ta dafa wa maigida mai hawan jini

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa likita ya gaya wa maigidanki yana da hawan jini da kitse a jini, har zuciyarsa ta fara kumbura, kuma mutane sun sa ki a gaba da shawara: wannan ya ce a raba shi da nama kwata-kwata, wancan ya ce a yi ta ɗirka masa zoɓo da tafarnuwa, har kin rasa abin da za ki ɗora a wuta. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, amma Babanmu ya daɗe da wannan lalura, abincinsa a hannuna yake, ni ce kuma mai raka shi asibiti.

Kafin ki taɓa nama, fara leƙa tukunyar miyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ya shiga bakinsa daga karin kumallo zuwa tuwon dare. To ki tsaya ki kalli yadda muke kaɗa miyar kuka. An zuba gishiri da tafin hannu, an murza magi huɗu ko biyar, an jefa kanwa, in ma an sauke sai an kawo yaji a gefe, shi ma yajin da gishiri da magi aka daka shi. Shi dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Saboda haka matar da ta ce ta daina sa gishiri amma ta ƙara magi don miya ta yi daɗi, tana nan inda take. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri shi ne yake riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiya, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi dare da rana, har naman jikinta ya yi kauri, daga baya ta gaji ta saki. Kumburin da likita ya ambata, sau da yawa ta nan yake biyowa.

Kanwa kuwa ita aka fi mantawa da ita, don ba ta da zartsi irin na gishiri, alhali ita ma sodiyam ce cike da ita. Muna sa ta a ɗanwake, a dahuwar wake, a miyar kuɓewa, ga kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da ake banka wa mai jego tare da wankan ruwan zafi. Abin da ake tsoro ga mace mai ƙuruciya, ina ga magidancin da zuciyarsa ta riga ta wahala? Ni na jima da fitar da ita daga madafa. Wake in kin jiƙa shi tun dare, zai nuna lugub ba sai da ita ba.

Sai kuma gishirin da ba ke kika zuba ba: burodi, ƙullin garin da ke cikin taliyar yara, kifin gwangwani, kilishi, tsire da balangu da aka bulbule da yaji. Waɗannan su ne maigida zai ci a waje ya dawo yana rantsuwa bai ci gishiri ba, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada ki ware masa tukunya. Lokacin da aka fara gano ciwon Baba, 'yan gida sun riƙa yi masa miyarsa daban, lami salam, kowa na shan mai daɗi shi yana kallo. Sai ya yi loma biyu ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Ashe da an idar da sallar isha yake zaro kuɗi daga aljihun 'yar-shara, ya aiki jikansa wajen mai tsire, ya ce a biyo ta ƙofar baya. Takardar da aka naɗo naman, jiƙe da mai da yaji, ita ta tona asiri a ƙarƙashin tabarma. Dattijo ba ya son a mai da shi majinyaci a gaban iyalinsa. Da abincin ya dawo hannuna sai na haɗe tukunya, na riƙa rage magi ɗaya-ɗaya ba tare da sanarwa ba, ina ƙara daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, busasshen kifi da ɗan tsamin yakuwa ko lemon tsami. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Yanzu in mun je biki yaran gidan ne ke fara cewa gishirin ya yi yawa. Ki dai riƙa ɗanɗana daddawar kafin ki saya, wasu masu sayarwa suna cuɗa ta da gishiri don kada ta lalace.

Batun nama, ba a ce haramun ne a gare shi ba. Kitsen ne matsala: tozo, kitsen rago, fatar kaza, kayan ciki, ƙwaƙwalwa. Ki yanke farin da kike gani kafin ki dafa, ki ba shi tsoka yanka biyu ko uku, kuma kifi da wake su fi jan nama yawan zuwa a mako. Man shanu yana cikin masu ɗaga mugun kitsen da ke toshe jijiya, manja ma kusan rabinsa irin wannan kitsen ne mai daskarewa, man gyaɗa ya fi su sauƙi. Amma ko man gyaɗan ne, a auna da cokali, ba a tuttula shi har ya yi iyo a saman miya ba. Na san a wurinmu miyar da ba ta taso da mai ba ana ganin rowa ce, to a bar masu gani su gani. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, irin na wasu masu ƙosai da awara a bakin titi, shi kam ki nisanta maigida da shi.

Abincinmu na asali bai da laifi. Tuwon dawa, na gero, na alkama, acca, dambun zogale, kwaɗon rama, faten wake da alayyafo, miyar taushe da kabewa, duk sun fi farar shinkafa da taliya da fulawa da muka koma wa. Ana so mutum ya samu giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, kuma ba sai tuffa ba, gwanda, gwaiba, kankana, lemon zaƙi da yalo sun wadatar, kowanne a lokacinsa da yake araha. Sukari ma ki sa masa ido, domin ciwon sukari da hawan jini tare suke lalata jijiya. Kwalbar lemo ta 50cl tana ɗauke da wajen giram 50 na sukari, wanda shi ne iyakar da aka gindaya wa babban mutum a yini guda, balle a haɗa da shayi mai kauri da fura da aka zambaɗa wa sukari.

Zoɓo an gwada shi, yana ɗan sassauta jini, amma kaɗan ne, kuma wanda ba sukari. Ba ya maye gurbin ƙwaya. Na ga mutanen da suka ji sauƙi suka ajiye magani suka koma jiƙe-jiƙe, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki, a zo ana cewa iska ce ta buge su. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai iya yawo awon jininsa ya hau har 170 yana jin garau. Maganin da aka rubuta masa ya sha kullum ko ya ji lafiya. Ki hana shi sayen maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a kemis, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda. Akwai wani gishiri da ake tallarsa wai na masu hawan jini, mai sinadarin potassium, kada ki saya sai kin tambayi likitansa, don yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini irin lisinopril.

Abin da ba a tukunya yake ba, ke kika san mijinki. In yana shan taba ko shisha, wannan ya fi duk abin da na lissafa gaggawa. Tumbi ba alamar hutu ba ne. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako ita ake so, sai dai tunda tasa zuciyar ta taɓu, likita ne zai faɗi iyakarsa, shi ne kuma zai ce ko a rage masa ruwan sha. Ciwon yana bin jini, don haka manyan 'ya'yanku da 'yan'uwansa su je a auna su, ke ma haka.

In da hali ku sayi na'urar awon jini ta damtse. Ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna, safe da yamma, ki rubuta a ɗan littafi da kwanan wata ki tafi da shi ranar ganin likita. Daga 140/90 zuwa sama ake kira hawan jini. In kuwa kika ga ƙirjinsa ya riƙe yana gumi, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo saboda numfashi, ko ƙafafu sun kumbura, ko baki ya karkace magana ta sarƙe, kada ki jira gari ya waye ko ki tsaya neman mai tofi, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin.