Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Shiga Tanki da Rami, Wanne Ake Fara Saye?

Tambaya: Ni ne shugaban ma'aikata shida masu wanke tankuna da gyara ramukan ruwan ƙazanta a wata masana'anta. Kuɗin da aka ware mana na kayan kariya ba su da yawa. Na'urar gwada iska zan fara saye, ko takunkumin fuska mai filta?

Amsa: Malam, na'urar za ka fara saye, ba ma sai an yi dogon shawara ba. Takunkumi mai filta yana tace ƙura da wasu nau'o'in tururi ne kawai, ba ya ƙara wa mutum iskar oksijin ko kaɗan, alhali rashinta ne ke yawan kayar da mutane a cikin tanki. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ɗauki ƙasa da kashi 19.5 a matsayin haɗari, haka ma sama da 23.5, domin a nan wuta ke saurin kamawa. Tankin ƙarfe da aka rufe watanni, tsatsa kaɗai ta isa ta cinye oksijin ɗin cikinsa, kuma hanci ba zai gaya maka ba.

Ka nemi mai gwada abu huɗu: oksijin, gas mai kama wuta, kabon monoksaid da haidirojin salfaid. Na ƙarshen shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga laka da ruwan ƙazanta. Mugun halinsa shi ne idan ya kai wajen ppm 100 (wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin) yana kashe jin wari, sai mutum ya zaci iskar ta gyaru a daidai lokacin da ta fi muni. Galibi ana saita na'urar ta yi ƙara a ppm 10 na wannan gas, ppm 35 na kabon monoksaid, da kashi 10 cikin ɗari na matakin da gas zai iya fashewa.

Ka zaɓi mai famfo da tiyo, don a zuƙo iska daga ciki tun mutum yana tsaye a waje. A gwada sama, tsakiya da ƙasa, kusan kowace mita 1.2, saboda gas mai kama wuta da ake kira mitan (methane) ba shi da nauyi yana taruwa a sama, haidirojin salfaid kuwa ƙasa yake kwanciya. A kowane mataki a dakata kamar minti 2, a ƙara daƙiƙa 2 ga kowane santimita 30 na tsawon tiyon. Kullum oksijin ake fara karantawa, domin sensar gas mai kama wuta da aka fi samu, wato ɓangaren na'urar da ke gano gas ɗin, tana buƙatarsa kafin ta yi aiki. In ya yi ƙasa sosai za ta nuna maka sifili alhali tankin cike yake.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ƙaramar silindar gas ɗin gwaji. Kowace safiya kafin aiki ana fesa wa na'urar wannan gas a ga ko duk sensocin sun amsa, ƙararrawar ma ta yi kuka. Ka tambayi mai sayarwa ranar da aka ƙera na'urar, saboda sensar oksijin da aka saba gani takan mutu cikin kusan shekara 2 ko da tana kwance a kwali. Ka kuma tabbatar ana samun sensocin canji. A nisanta ta da feshi ko man da ke da silikon, yana kashe sensar gas mai kama wuta a hankali ba tare da wata alama ba.

Tambaya: Muna da babbar fanka ta tsaye a wurin aiki. Ba za ta wadatar ba, sai mun sayi injin hura iska?

Amsa: Ba za ta wadatar ba, ɗan'uwa. Fanka a bakin rami tana motsa iskar sama ne, ta bar ta ƙasa yadda take. Ku sayi injin hurawa mai faffaɗan bututu da zai kai kusa da gindin ramin, bututun a miƙe gwargwadon hali, don kowace lanƙwasa na rage ƙarfin iskar. In tankin ya taɓa ɗaukar mai ko sinadari mai kamawa, sai injin da aka ƙera don irin wannan wuri, wanda ba ya fitar da tartsatsi. A ajiye shi nesa da hayaƙin janareta da na mota, in ba haka ba kabon monoksaid za ku hura wa mutumin da hannunku. Kada a kashe injin hurawar har kowa ya fito. Kada kuma a taɓa sakin oksijin na silindar walda da sunan gyara iska, domin tufafin mutum kansu sai su kama kamar an zuba musu fetur.

Tambaya: Igiya a ƙugu ba ta isa ba? An ce mu sayi ƙarfe mai ƙafa uku da injin naɗe igiya.

Amsa: Ku saya. Wanda ya suma jikinsa ya saki, mutum biyu ma da ƙyar su ɗago shi da hannu, igiyar ƙugu kuma naɗe shi za ta yi biyu ya maƙale a bakin ramin. Ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi, mai zobe a tsakiyar baya, ita ke fito da shi a miƙe. Ƙa'idar OSHA ta wajabta injin ɗagowa a duk ramin da zurfinsa ya wuce mita 1.5.

Dalilin da ya sa muke matsawa a nan: a 1986 NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan wurare waɗanda suka shiga ceto ne. Ganin abokin aiki a kwance ba ya barin mutum ya yi tunani. Don haka mai tsaron bakin rami aikinsa ɗaya ne: ya riƙa magana da na ciki, ya kira agaji, ya murɗa injin. Ba ya shiga, ba a kuma aikensa ko'ina. Shiga ceto sai wanda aka horar, ɗauke da silindar numfashi a bayansa. Kafin ku biya kuɗin ƙarfen, ku auna faɗin bakin ramukanku da zurfinsu, ku tabbatar ƙafafun za su zauna daram kuma igiyar ta kai ƙasa da saura.